Rubutuna yana hawa kan tambarin kamfani in na yi firintin, ya zan saita gefen takarda a Word?

Ummi Sakatariya:

Assalamu alaikum, barkanku da war haka. Dan Allah taimako nake nema wajen waɗanda suka san kan Microsoft Word. Ban jima da fara aiki a wani ƙaramin kamfanin kayan gini ba, ni nake buga wasiƙu da takardun farashi da sauransu. Oga ya kai an buga mana takardar kamfani wajen masu ɗab'i, mai tambari da suna da lambar rijistar kamfani ta RC a sama, adireshi da lambobin waya da sunayen daraktoci a ƙasa, mai kala ce kuma da tsada aka yi ta. To duk sanda na buga wasiƙa na sa takardar a firinta sai kwanan wata da layin farko su hau kan tambarin, in kuma wasiƙar ta ɗan yi tsawo sai layin ƙarshe ya faɗa cikin adireshin ƙasa. Wadda na gada a wajen Enter take ta dannawa har rubutun ya sauko, haka na tarar a fayilolinta, amma da zarar oga ya ce a ƙara magana ko a cire sai komai ya wargaje, wani lokacin shafi na biyu ma daga tsakiya yake farawa.

Na biyu kuma oga yana son layin farko na kowane sakin layi ya ɗan shiga ciki, kwanan wata kuma ya koma dama. Da sifes nake turawa, a kwamfuta kamar sun daidaita amma a takarda wani ya fi wani shiga. Word 2016 ne a kwamfutar ofis ɗin. Wallahi takardun suna ta ƙarewa a banza kuma abin yana damuna sosai. Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Tayifin:

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, wannan gyaran minti kaɗan ne, kuma ba a kwamfuta zaki fara ba, rula zaki nema irin ta 'yan makaranta. Ɗauki takardar kamfanin guda ɗaya ki shimfiɗa a tebur, ki auna daga bakin takardar na sama zuwa inda rubutun masu ɗab'i ya ƙare, in akwai layin da suka ja a ƙarƙashin sunan to har shi. Rubuta abin da kika samu da santimita. Sai ki auna daga bakin ƙasa zuwa inda sunayen daraktoci ko adireshin ya fara, shi ma ki rubuta. Waɗannan lambobi biyun su ne aikin gaba ɗaya.

Kafin ki taɓa gefe, duba girman takardar da Word ɗin yake ganin kina amfani da ita, domin nan mutane da yawa suke faɗawa ba su sani ba. Shiga Layout ki danna Size. Yawancin kwamfutocin da ake sa mana Word a nan saitin Amurka suke zuwa da shi, zaki ga an zaɓi Letter, ita kuwa faɗinta 21.59 ne tsawonta 27.94, alhali takardar da muke saya a kasuwa A4 ce, faɗi 21 tsawo 29.7. Kin ga A4 ta fi tsawo da kusan santimita 1.8 kuma ta ɗan fi siranta. In Word yana lissafi da Letter ke kuma kina zura A4, duk awon da kika yi ba zai faɗa inda kike so ba. Mayar da shi A4 tukuna.

In kin ga lambobin da inci suke fitowa, je File, Options, Advanced, ki gangara wajen Display, akwai inda ake zaɓar ma'auni, ki mayar santimita don ya zama yare ɗaya suke yi da rularki.

Daga nan Layout, Margins, can ƙasa Custom Margins. A Top ki sa awon sama da kika yi ki ƙara masa kamar rabin santimita ko ɗaya don rubutun ya samu sararin numfashi, misali in kin auna 5 ki sa 5.8 ko 6. A Bottom ma haka. Sai ki goge duk Enter ɗin da aka jera a saman wasiƙar, kar ki bar ko ɗaya. In kina son ganinsu danna Ctrl da Shift da 8 tare, kowane Enter zai fito da alamarsa, kowane sifes kuma ɗigo, zaki sha mamakin abin da ke ɓoye a fayilolin nan da kika gada.

Maganar sifes kuwa, ni da tafireta na fara aiki, kuma a can daidai ne ka buga sifes biyar a farkon sakin layi domin kowane harafi faɗinsa ɗaya, i da m wuri ɗaya suke ci. A kwamfuta ba haka ba ne, haruffa irin su Times New Roman da Calibri kowanne da faɗinsa, kuma in kika daidaita rubutu gefe da gefe da Ctrl+J sai Word ya riƙa jan sifes yana buɗa shi gwargwadon layin. Shi ya sa ba zasu taɓa zama a layi ɗaya ba ko kin ƙirga.

Kuma kar ki ƙara gwaji da takardar kamfani. Buga a farar takarda, ki ɗora ta kan ta kamfanin ki ɗaga su biyun wajen taga ko fitila, zaki hango inda rubutun zai sauka.

Injiniya Sadau:

Baba ya gama magana a kan awo da A4, Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya zan ƙara da izininsa, saboda ta ambaci shafi na biyu. In aka sa Top ya zama 6, to kowane shafi na wasiƙar zai fara ne daga santimita 6, alhali shafi na biyu farar takarda ake sawa ba mai tambari ba, sai ka ga uban fili a sama ba komai. Wasu suna magance shi da Section Break su ba kowane sashe gefensa, amma ban so wannan ga wasiƙa, domin yankan yana manne ne a cikin rubutun, ranar da oga ya ƙara layi uku sai yankan ya gangara shafi na biyu a koma gidan jiya.

Ga yadda nake yi wa ofisoshi. Ki bar Top a 2.5 yadda kike son shafi na biyu ya kasance. Ki danna sau biyu a can saman shafin, wajen heda zai buɗe, a sama zaki ga ƙaramin akwati an rubuta Different First Page, ki yi masa alama. Yanzu shafin farko yana da hedarsa daban. Shi Word ɗabi'arsa ita ce in abin da ke cikin heda ya fi gefen sama tsawo, da kansa yake tura rubutun wasiƙar ƙasa, to wannan ɗabi'ar zamu yi amfani da ita. Kina cikin hedar shafin farko, ba sai kin rubuta komai ba, danna dama ki zaɓi Paragraph, a wajen Spacing akwai After, nan zaki sa tazarar.

Lissafin: heda tana farawa ne kamar santimita 1.25 daga bakin takarda, layin da ba komai a cikinsa yana cin kusan rabin santimita. In kina son rubutu ya fara a 5.8, cire 1.25 cire 0.5, saura wajen 4. Sai ki rubuta 4 cm a akwatin After, da cm ɗin a jiki, Word zai mayar da shi ma'auninsa na pt da kansa. A ƙasa ma haka zaki yi a futar shafin farko, wato takwarar heda da ke can ƙasan shafin, sai dai can Before zaki cika ba After ba. Shi ke nan, ko wasiƙar ta kai shafi biyar, na farko ne kaɗai zai bar wa tambari wuri, sauran su tafi daidai, kuma a ƙara a rage ba abin da zai motsa.

Lambar shafi kuma a hedar shafi na biyu zaki sa. In wasiƙar bata kai shafi biyu ba ki danna Ctrl+Enter ki samu na biyun, ki sa lambar, ki goge shafin, Word zai riƙe saitin har ranar da aka buƙata.

Baba Mai Tayifin:

Haka ne Injiniya, hanyarka ta fi ga doguwar wasiƙa. Ni a shago yawanci shafi ɗaya ake kawo min shi ya sa na tsaya a nan. 'Yata bi tasa.

Hajiya Mai Ofis:

Sannunku da ƙoƙari. Ummi bari in ɗauki ɓangaren hagu da dama da maganar tura layi ciki, don na daɗe ina karɓar wasiƙu ina sa su a fayil kuma na ga yadda ake ɓata su.

Word yana zuwa da 2.54 a kowane gefe, wato inci ɗaya. Ga takardar da za a karanta a yar ba laifi, amma wasiƙar kamfani fayil take shiga, za a huda ta. Abin huda takarda mai ido biyu yana cin wajen santimita ɗaya da rabi daga baki, in kuma fayil ɗin ya yi kauri sai farkon layuka su shige cikin lanƙwasar sai an danne da hannu kafin a karanta. Ni 3 nake sawa a hagu, 2.5 a dama. Amma ki dubi takardar taku tukuna, in sunan kamfanin ko layin da aka ja ya fara ne a wani wuri daga hagu, ki auna shi ki sa gefenki ya yi daidai da shi, wasiƙa ta fi kyau in bakin rubutun da bakin tambarin suna kan layi ɗaya. Ido yana ganin wannan ko mutum bai san me ya gani ba.

Tura layin farko: zaɓi sakin layin da kike so, danna dama, Paragraph, a wajen Special ki zaɓi First line, ki sa 1.25 ko 1. Daga nan duk sanda kika danna Enter sabon sakin layin zai gaji saitin. Ki kula da abu ɗaya, kar saitin ya hau kan taken wasiƙar, wanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe bayan gaisuwa. In take yana tsakiya kuma yana ɗauke da First line, zai karkata dama kaɗan, kina kallo kina jin wani abu ba daidai ba amma ba ki gane ba. Haka adireshin wanda ake aika wa da wajen sa hannu, su ma ba a tura su. In wani layi ya rikice miki ki sa alama a kansa ki danna Ctrl+Q ya koma asalinsa.

Kwanan wata kuma, tunda adireshinku yana jikin takardar ba sai kin sake buga shi ba, lambar wasiƙa da kwanan wata kawai kike buƙata kuma layi ɗaya ya ishe su. Da hagu 3 da dama 2.5, faɗin rubutunki 15.5 ne, wato 21 a cire 5.5. Shiga Paragraph, can ƙasa akwai Tabs, rubuta 15.5, zaɓi Right, danna Set. Sai ki buga lambar wasiƙar a hagu, ki danna Tab sau ɗaya tak, ki buga kwanan wata, zai je ya jingina da gefen dama cif. In kuma wani abu ne mai layi uku ko huɗu kike son ya koma dama amma bakinsu ya daidaita, kar ki yi Ctrl+R don shi ƙarshensu yake daidaitawa ba farkonsu ba, ki sa Left ya zama 10 a wajen Indentation.

In kuna lissafa kaya da lamba, buhun siminti kaza, rodi kaza, kuma bayanin ya zarce layi ɗaya, Hanging ake sawa a wannan Special ɗin ko Ctrl+T, don layi na biyu ya zauna ƙarƙashin rubutu ba ƙarƙashin lamba ba.

Ra'ayina dai, ni na fi son komai ya fara daga hagu ba turawa, a bar tazara tsakanin sakin layi, ya fi tsabta kuma ya fi saurin bugawa. Amma tunda oganki tsohon salon yake so ki yi masa, ba kuskure ba ne. Abin da bana so shi ne a haɗa biyun a wasiƙa ɗaya, wani sakin layin a ture wani a bari.

Sannan ki ba ƙasan takardar nan muhimmanci kamar saman. Sunayen daraktoci da lambar rijista ba ado aka sa su ba, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ce ta nemi su fito a wasiƙun kamfani, to bai kamata rubutu ko hatimi ya rufe su ba. Ki bar wajen sa hannu da hatimi isasshe, kuma kar ki yarda sa hannu kaɗai ya tsallaka shafi na biyu, in ya zama dole a tsallaka ki tafi da layi biyu ko uku na ƙarshen maganar tare da shi.

Ummi Sakatariya:

Kai jama'a na gode, Allah ya biya ku. Baba gaskiyarka, Letter na tarar. Na auna sama 4.8 ƙasa 2.6, na bi hanyar Injiniya na sa 3.8 cm a After, na ɗaga wajen taga kamar yadda Baba ya ce kuma ya sauka daidai, har da ɗan fili. Hajiya Tab ɗin nan ya yi aiki, kwanan wata ya zauna.

Saura abu biyu. Layukan adireshin wanda ake aika wa suna buɗewa da yawa, kowane layi da tazara a ƙasansa. Kuma oga yana cewa in tura masa wasiƙar ta WhatsApp ya tura wa kwastoma, to in na tura fili kawai ake gani a sama ba tambari, kuma a wayarsa layukan suna canza wuri.

Injiniya Sadau:

Madalla ƙanwata. Na farkon, Word 2016 yana sa tazarar 8 pt bayan kowane Enter da kansa. A adireshi ki riƙa danna Shift da Enter tare, zai sauka layi ba tare da tazarar ba. Ko ki zaɓi layukan ki mayar da After ɗinsu 0.

Na biyun, tambarin a jikin takarda yake ba a cikin fayil ba, dole ba zai fito ba. Kuna buƙatar kala biyu, ɗaya ta firintin a takardar kamfani wadda kika gama yanzu, ɗaya kuma ta turawa. Ki ce oga ya karɓo muku hoton saman da na ƙasan daga wajen waɗanda suka buga takardar, suna da shi a kwamfutarsu, ya fi a ɗauka da waya ko a yi sikanin don wannan yakan fito da duhu-duhu a karkace. Ki buɗe kwafin fayil ɗin, ki shiga hedar shafin farko, Insert, Pictures, ki sa hoton, a Wrap Text ki zaɓi Behind Text sai ki ja shi ya zauna inda yake a takardar gaske. Tazarar da kika sa a After ki bar ta yadda take, ita ke riƙe rubutun. Kar ki sa hoton a cikin jikin wasiƙar, a heda zaki sa, can ba mai ture shi da kuskure.

Kuma kar ki tura fayil ɗin Word. Waya tana sake jera rubutu ne daidai da allonta, in kuma babu irin harafin da kika yi amfani da shi sai ta musanya da wani. Save As ki zaɓi PDF, shi yadda kika ajiye haka kowa zai gani. Amma in za a yi firintin daga PDF a kan takardar kamfani a duba wajen girma a zaɓi Actual size, in aka bar shi a Fit yana ɗan rage shafin, awonki ya gusa.

Ƙarshe, kowanne cikin biyun ki goge rubutun ciki ki bar gurbin lamba da kwanan wata, ki yi Save As ki zaɓi Word Template. Duk sanda kika danna shi sabuwar wasiƙa zata buɗe da saitin a shirye, asalin kuma ba ya taɓuwa.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar kuma na ƙaru. Ga 'yan uwa da Word ɗinsu na Faransanci ne kamar namu, Layout shi ne Mise en page, Margins kuma Marges, akwatin da Injiniya ya ce a yi wa alama Première page différente aka rubuta, First line kuma Première ligne. Mu namu da A4 da santimita yake zuwa, wannan wahalar bamu da ita.

Wanda kuma yake aiki da LibreOffice, wata manhajar buga rubutu irin Word, can abin ya fi sauƙi, akwai salon shafi mai suna First Page, kana ba shi gefensa na sama da ƙasa kai tsaye, in ya cika sai rubutu ya wuce salon shafi na yau da kullum da kansa, ba sai an bi ta heda ba.

Tambaya gare ni, in sunan kamfani ko na mutum yana da ƙ ko ɗ, ya ake fitar da shi a Word ba tare da an je an kwafo ba?

Injiniya Sadau:

Wa alaikassalam. Rubuta 0199 ka danna Alt da X tare zai zama ƙ. 0257 shi ne ɗ, 0253 kuma ɓ. Manyansu 0198 da 018A da 0181. In harafin da ya zo kafin lambar a ne ko b ko c ko d ko e ko f, ka zaɓi lambar kaɗai kafin ka danna, in ba haka ba Word zai haɗa su ya fitar da wani abu daban. Ka duba kuma irin harafin da kake amfani da shi yana da su, Times New Roman da Arial na Windows ɗin yanzu suna da su, amma wasu na ado babu, sai Word ya aro daga wani wuri ka ga harafi ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa har layin ya ɗan buɗe.

Ummi Sakatariya:

Na yi duka biyun, oga ya ce zai karɓo hoton gobe in sha Allah. Sai dai ɗazu da na zo bugawa a takardar gaske rubutun a bayanta ya fito, ta wane ɓangare ake sa ta ne?

Baba Mai Tayifin:

Ya danganta da firintar 'yata, wadda take jan takarda daga tiren ƙasa yawanci juya ta take yi a ciki, don haka fuskar tambarin ƙasa take kallo, wadda kuma ake zura wa ta baya ko ta sama fuskar tana kallonki. A jikin tiren akwai ɗan zanen takarda da yake nunawa amma ƙanƙane ne ba kowa ke lura ba. Ɗauki farar takarda ki zana kibiya da biro a fuskar da ke kallon sama, bakin kibiyar yana nuna cikin firintar, ki buga layi ɗaya. Inda rubutun ya fito zai gaya miki fuska da kuma kai. Sai ki rubuta a 'yar takarda ki manna da salatif a jikin firintar don duk wanda zai buga in ba kya nan.